Yadda ruwan gishiri ya riga sabulu shiga ƙauye

A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta ɓulla a Legas, an wayi gari mutane har a ƙauyukanmu suna wanka da ruwan gishiri, wasu har da sha. Babu likitan da ya ce a yi haka. Ɗan'uwa ne ya bugo waya da tsakar dare, aka tashi yara, aka ɗora tukunya. Jita-jita ce, ta kuma ci rayuka, amma ta nuna mutumin karkara ba ya wasa da ransa. Masu cewa taurin kai ke hana mutanenmu kiyaye kansu lokacin annoba ba su zauna da su ba.

Gishiri yana kowane gida, maganar kuma ta fito daga bakin wanda aka yarda da shi. Da korona ta zo a 2020 kuwa, sai aka ce wa manomin Auyo ko Kafin Hausa ya sayi takunkumi, ya daina musafaha, ya bar tazara a sahu. Bai ga wanda ta kwantar a garinsu ba, sai ya ce ciwon masu hawa jirgi ne.

Amai da gudawa ba haka take ba, an san ta. A 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Kano da Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. Hanyar da take bi kuwa tana tsakar gida. Kwano ɗaya na ruwan wanke hannu zai zagaya mutum takwas kafin a taɓa tuwo, na ƙarshe kuwa da dauɗar sauran ya wanke. Moɗa ɗaya ce ke faɗuwa ƙasa ta koma randa. Gyaran nan ba ya cin ko sisi, don mai alwala sau biyar a yini ya riga ya iya zuba ruwa da buta. A ce masa ya yi haka kafin cin abinci da bayan ya zagaya, da sabulu, in babu ko da toka. Idan gudawa ta kama yaro, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi har a isa asibiti.

Ban ce wannan ya isa ba. Idan kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya haɗe masai da rijiya, tafasa ruwa sai da itace, itacen kuma ya jiƙe. Wannan aikin rijiyar burtsatse ne, wato na hukuma.

Kuskuren masu wayar da kai shi ne tsayawa a wajen liman da mai unguwa. Huɗubar Juma'a maza take samu, randa kuwa tana hannun uwargida da yarinyar da ke ɗebo ruwa. Su sai ta bakin ungozoma, ko malamar Islamiyya, ko a gidan suna.