Taron daidaito a fannin lafiya, kuɗin shiga jaka 10

To, kun dai ga hotunan taron ɗaliban kiwon lafiya da aka yi a otel a Garwa, arewacin Kamaru, tun jiya, ba sai na ba ku labari ba. Kowa da kati rataye a wuya, kowa da 'yar jakarsa mai tambari, an jeru a gaban allo ana ta murmushi. Masha Allah, taron ɗaliban kiwon lafiyar al'umma ya yi armashi, otel ya sha ado, na'urar sanyi ta yi aikinta a wannan zafi na Garwa. An koya wa yara neman aiki, an koya musu kwantar da hankali, an kuma rufe da lacca a kan daidaito a fannin lafiya. Daidaito fa. A zauren da ba ka taka ƙofarsa sai ka ajiye jaka 10, wato sefa 10,000.

Ni hoton da nake nema ban gani ba, na bakin ƙofa. Yarinyar da ke sitaj, wato koyon aiki, a asibitinmu, 'yar wani ƙauye can bayan Lagdo, ta kwana biyu tana zumuɗin wannan taro. Har hutun rana ɗaya ta roƙa, na ba ta. Ta goge kayanta, ta hau kilando, wato babur ɗin haya, ta isa tun kafin a buɗe. Kafin azahar sai ga ta ta dawo asibiti, ta sa farar rigarta ta shiga auna yara. Na ce lafiya? Ta ce, "Kawu, wai sai da jaka 10, ni kuwa kuɗin komawa gida kawai ne a hannuna." Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Wallahi da ta yi zagin da ya fi mini sauƙi.

Bari in tuna muku abin da jaka 10 take a wannan yanki, tunda da alama an manta. Cek sante, katin kula da mata masu ciki wanda aka fara a jihohin arewacin Kamaru uku a 2015, sefa 6,000 ne. Da shi mace za ta yi awon ciki, a yi mata hoto, ta haihu, ko da tiyata ta kama, a kula da ita da jaririnta har kwana 42. Kuma mu da muke bakin aiki mun san matan da wannan 6,000 ɗin ma sai an sayar da akuya ko an jira kuɗin auduga. To tikitin sauraron lacca a kan daidaito ya fi kuɗin haihuwa tsada. Kuɗin rajistar shekara a jami'ar gwamnati 50,000 ne, ke nan wuni ɗaya a otel ya cinye kashi ɗaya cikin biyar. Ku sake karantawa a hankali.

Na san abin da za a ce, an ma fara faɗa mini a waya. Wai otel kuɗi ne, abinci kuɗi ne, buga kati kuɗi ne. To wa ya aike ku otel? Garwa tana da jami'arta tun 2022, ga makarantun koyon aikin jinya, ga zauruka a gari da za a ba ku aro in kun je da ladabi. Ko ƙarƙashin darbejiya kuka shimfiɗa tabarmi, ilimin ba zai narke ba. Mu da muke tara mata ranar riga-kafi a inuwar bishiya ba mu ga saƙon ya lalace ba. Wani kuma ya ce ai an saka bidiyo a Facebook, wanda bai samu shiga ba ya kalla. Da wane kuɗin intanet? Da wace wuta zai caja wayar? Kai dai ka ci shinkafarka da kaza, ka bar maganar.

Wani yaronmu da mahaifinsa ya biya masa ya shiga, shi ya kawo mini rahoto. Ya ce a laccar daidaito an nuna zane-zane masu launi, an yi bayani da Faransanci mai kyau cewa nisa da talauci da rashin jin yare su ne ke hana mutane zuwa asibiti. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma wadda ta san nisan a ƙafarta, wadda ta taɓa raka yayarta mai naƙuda a bayan babur cikin damina har mayo, wato kogi, ya tare su, ita ce aka mayar daga bakin ƙofa saboda talauci. Aka bar 'ya'yan masu hali suna rubuta ma'anar talauci a littafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuwa kun kulle mai ɗakin a waje kuna taron gyaran rufi.

Sai ɓangaren kwanciyar hankali, wanda ya fi ba ni dariya. Wai kowa ya rufe ido, ya ja numfashi, ya riƙe, ya sake. Madalla. Ban raina lafiyar ƙwaƙwalwa ba, kada wani ya ɗauki maganata ya kai inda ban aike ta ba. Na ga yaran da karatu ya birkita, na ga wadda ta daina magana mako guda bayan yaro na farko ya mutu a hannunta. Wannan abu ne na gaske, yana buƙatar babba ya zaunar da yaro ya saurare shi. Amma ku tambayi ɗaliban nan me ke hana su barci. Kuɗin haya ne. Sitaj ne na watanni ba ko sisi, kai ne kuɗin kilando, kai ne safar hannu wani lokacin. Tsoron a gama karatu a zauna gida ana jiran konkur ne, wato jarrabawar ɗaukar aiki. Wanda ya karya da ruwan bunu, in ka ce ya ja numfashi, yunwa zai ja. Kuma mai irin wannan damuwar ba ya cikin zauren ma, jaka 10 ta riga ta tace shi.

Neman aiki kuma an ce a gyara takardar tarihin karatu, a buɗe shafi a LinkedIn, a iya gabatar da kai cikin minti ɗaya. Ba laifi, ku yi. Ni dai ga abin da na gani da idona. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa, gida-gida, kowane wata cikin damina. Kashin farko a gabanka ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ake bar wa. Maganin yana da ɗaci, yaro zai tofar. In ba ka iya zama a kan tabarma ka yi wa uwa bayani da Fulatanci ko Hausa ko yaren da take ji ba, har ta yarda ta ba shi gobe da jibi, to aikin ya tashi a banza ko da takardarka ta kai shafi goma. A ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasar farko da ta sa allurar maleriya cikin riga-kafin yara na yau da kullum, kuma sau huɗu ake yin ta. Wa zai bi uwa har ta dawo karo na huɗu? Wa zai tunkari maigidan da ya ji jita-jita a WhatsApp ya hana? Wa zai fara gaida lawan da liman kafin ya sauke akwatin allura? Da ɗan gari akan ci gari.

Haka kwalarar 2010 da ta kashe ɗaruruwan mutane a Arewa Mai Nisa, haka ambaliyar 2024 a Yagwa da kewaye, haka sansanin Minawawo kusa da Mokolo da ke ɗauke da dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013. A irin waɗannan wurare ake neman ma'aikacin lafiyar al'umma, kuma wanda ke jurewa a can galibi ɗan ƙauyen nan ne da ya saba da rana da tafiyar ƙasa. Wato dai wanda ba shi da jaka 10.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar shaidar halarta. Kowa ya san dalilin da ya sa ake rububin irin wannan taro, a samu takarda a liƙa cikin dosiye, wato takardun neman aiki. Gobe in wata ƙungiya ta buɗe ɗaukar ma'aikata, mai takarda yana gaba, yarinyar nan tana baya. An sayar wa mai kuɗi matsayi a layi, an kuma buga "daidaito" a saman takardar da manyan baƙaƙe.

Ƙannena da kuka shirya, na san wasunku, na san iyayenku, kuma na san ba mugunta ce ta sa ku ba. Kun ga yadda ake yi a Yawunde da Duwala kuka kwaikwaya. Kun sha wahala, wasunku har da kuɗin aljihunsu. Shi ya sa nake faɗa muku a fili maimakon in yi gulma. Da kun ware ko kujera 20 kyauta, da kun rage kaza kun ƙara benci, da kun gayyato ungozoma ɗaya ko ma'aikacin sa-kai ɗaya daga ƙauye ya yi magana da yarensa a fassara, da yau yabonku nake rubutawa. In za ku sake, ku zo mu zauna, ni zan nemo muku zaure, amma ba zan sa ƙafata ba matuƙar akwai mai karɓar kuɗi a ƙofa.