Wa ke kawo mana labarin sakatariyar ƙaramar hukuma?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, wasu masu sharhi suke ta guɗa kamar an gama da matsalar karkara. A ganinsu, da zarar an raba gwamnoni da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, famfon tuƙa-tuƙan da ya mutu zai kawo ruwa, magani kuma ya cika asibitin sha-ka-tafi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi wa zai sa ido a kan kuɗin idan sun iso, kuma wannan ne ke ba ni haushi.

A je wani ƙaramin gari a Katsina ko Jigawa ko Bauchi, a zauna a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Za a ji ana feɗe rikicin majalisar dattawa daga kai har wutsiya, an san wanda ya sauya sheƙa a Abuja, har halin da ake ciki a Gaza ana da labarinsa, domin BBC da DW da RFI suna kunnen jama'a tun asuba. Amma a tambayi mutum ɗaya nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsa a watan jiya, ko yaushe kansiloli suka yi zama na ƙarshe, ko ina kuɗin rasit ɗin da ake yanka wa 'yan tireda da masu dabbobi ranar kasuwa suke shiga, sai wurin ya yi tsit, alhali sakatariyar tana nan bakin titi, ana wuce ta kullum.

Laifin ba na talaka ba ne. Wakilan jaridu suna zaune a manyan biranen jihohi, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma sun sayar da mafi tsadar lokacinsu ga sojojin baka. Sunan ƙaramin gari ba ya fitowa a labarai sai 'yan bindiga sun kai hari, ko ambaliya ta ci gidaje, ko kwale-kwale ya kife. Ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano, yara suna karatu a gindin darbejiya damina bayan damina, bai isa labari ba.

Masu cewa Facebook ya cike wannan giɓi su leƙa shafukan garuruwan su gani: sanarwar rasuwa, katin ɗaurin aure, sai hoton ciyaman yana raba buhunan shinkafa, wanda hadiminsa ya ɗora. Masu dogaro da zaɓe kuwa sun ga abin da ya faru a zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, inda NNPP ta lashe duka kujeru 44 a Kano, APC ta kwashe duka 23 a Kaduna. Ciyaman da ya san wanda ya ɗora shi ba zai ji tsoron mutanen da ba su ma san abin da ke cikin kasafinsa ba, ko kuɗin sun biyo ta hannun gwamna ko sun zo kai tsaye.

Ya kamata hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sauƙaƙa ba da lasisin rediyon al'umma, a kuma tilasta wa kowace ƙaramar hukuma liƙa kasonta na wata a ƙofar sakatariya. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ba sa gajiya da aikin gayyar yashe kwata da gyaran maƙabarta, su wakilta mutum biyu da za su riƙa halartar zaman kansiloli, su dawo su karanta wa jama'a abin da aka zartar bayan sallar Juma'a.