Yadda ɓawon ayaba ya ci mutuncina a gaban jama'a

Duk wanda ya san ni ya san ni ɗan Blanka ne. Tun zamanin gem ɗin faɗa na Street Fighter II, wanda ya fito 1991, ban taɓa ɗaukar kowa ba sai wannan koren dodon na Barazil mai jan gashi, kuma dabarata guda biyu ce tal, ko in danne baya na ɗan lokaci in saki gaba da naushi ya dunƙule kamar ƙwallo ya yi kanka, ko in yi ta dukan madannin naushi har ya kama da wutar lantarki ka taɓa shi ka soye. Da su na yi zamani a na huɗun ma. To da na biyar ya fito a Fabrairun 2016 ban tsaya karanta komai ba, na sayo faifan na'urar gem ta PS4 na tara mutane na cika baki, har da cewa wanda duk ya ci ni turmi ɗaya ya tafi da hannun gem ɗina.

Allon zaɓe ya buɗe, fuskoki 16. Na zagaya sau ɗaya, na sake zagayawa a hankali kamar mai neman allura a yashi, na koma na uku ina leƙa gefe-gefe ko sun ɓoye shi ne. Ba Blanka. Ba Guile, ba Sagat, ba Akuma. Ga wasu baƙin fuskoki, Rashid, Necalli, da wani dogon sirit mai faffaɗan hannun riga wai shi F.A.N.G, kai ka ce tsumagiya aka sa wa kaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ga muryar wani mutumi, kun san irinsu, mai zama a hannun kujera: "Malam, ko dai ɗan gidan naka ya yi ritaya ne?"

Bari in tsaya a kan wannan bawan Allah. Shekarun da na san shi bai taɓa riƙe hannun gem ba, ko sau ɗaya, kullum wai yatsansa ke ciwo, amma shi ne mai sharhi, shi ne alƙali, shi ne koci. "Ai da tsalle ka yi." "Ni da ni ne tarewa zan yi." To karɓi ka tare mana! A'a, yatsa. Shi ne fa ya ari memori kad ɗina na PS2 tun ina da gashi a kai, har yau in na tambaya sai ya ce ai yana nan a ajiye wuri mai kyau. Kuma yana da wata dariya da ba ta fita ta baki, ta hanci take bi, kamar ana sace iskar taya.

To dai. Na ce ba komai, gwani ba ya rasa makami. Na ɗauki Laura saboda ita ma 'yar Barazil ce kuma an ce tana da lantarki, na ce ai duk kanwar ja ce. Manyan suka ce su sai sun ga kamun ludayina tukun, aka miƙa wa ɗan yayata hannu, yaron da ko gama sauya haƙora bai yi ba. Ya zaɓi Birdie, wani ƙaton tumbi mai sarƙa, wai don ya ba shi dariya.

Aka fara. Na danne baya yadda na saba, ita kuwa baiwar Allah ta yi ta ja da baya har ta manne da ƙarshen allo, na saki gaba da naushi, ta miƙa hannu ta naushi iska. Na ce to lantarki, na hau dukan madanni kamar mai buga kalangu, ita dai naushin iska take ta yi ba ko tartsatsi. Ashe nata sai ka murɗa daga ƙasa zuwa baya, abin da ban taɓa damuwa in koya ba tun da aka haife ni. Shi kuwa yaron ya kifa tafin hannu gaba ɗaya a kan madannai yana ta murza, sai ga ƙaton nan ya zaro ayaba ya cinye ya yar da ɓawon a ƙasa. Na ga ɓawon. Wallahi na gan shi, rawaya shar a tsakiyar fili, har na ce a raina ai wannan ado ne kawai. Na taho da ƙarfina zan kama shi, na taka, Laura ta zame, kafin ta dawo hayyacinta ya jefo sarƙa ya fizgo ta ya maka da ƙasa. Tayar nan ta fara sacewa daga hannun kujera.

Turmi na biyu na rantse ba zan taka ba, na tsaya nesa ina jira, ya shanye wani gwangwani ya gangaro da shi ya bugar min ƙafa. Na yi tsalle don in tsere wa gwangwani na dira kan wani sabon ɓawon. Yaron ya juyo da fuskar tausayi, wadda ta fi dariyar ciwo, ya ce "Kawu, ko in bar ka ka ɗan dake ni?" Na ce hannun gem ɗina ne ke da matsala. Muka yi musaya. Ya sake cinye ni da hannun nawa, ya kuma tashi ya rungume shi ya ce ai an yi alkawari, sai da yayata ta sa baki.

Da dare na ce bari in shiga sashen da ake bin abokan faɗa ɗaya bayan ɗaya har a kai ga oga in huce haushi, nan ma babu, sai 'yan guntayen labari da ke ƙarewa kafin ka gyara zama. Sai 2018 suka sa shi, a shekarar ne kuma suka dawo da Blanka, amma shi sai ka saya daban. Na saya. Na kira yaron ya zo mu rama, ya ce shi yanzu ƙwallo yake bugawa. Mutumin kujera dai ya zo, ya zauna ya kalle ni ina faɗa da kwamfuta, ya ce da tsalle na yi, ya tafi da wayar cajina.