Maigida, yaranka sun riga sun san kasuwa ta yi sanyi

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a harkar kasuwanci a garin nan na Kaduna, wadda nake ganin tana durƙusar da sana'a kamar yadda tsada ke durƙusar da ita. Maigida zai ga al'amura sun cuɗe masa, amma ya ja bakinsa ya tsuke a gaban yaransa. In sun tambaya, amsar ɗaya ce: "Komai lafiya, ku dai ku ci gaba da aiki." In albashi ya makara, a ce gobe in sha Allahu. Goben ta zo, wayar oga a kashe.

Wa ake ɓoye wa? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Yaron shagonka bai karanta rahoton ba, amma shi ke biyan kuɗin Keke daga Rigasa zuwa Kasuwar Gumi kullum, shi ke auno mudun shinkafa, kuma shi ke zaune a bakin shago tun hantsi har La'asar yana ƙirga mutanen da ke taya kaya su wuce. Ya fi ka sanin cewa ciniki ya ja baya. Abin da bai sani ba shi ne abin da kake shirin yi da shi.

Na san dalilin shirun. Akwai kunya, akwai tsoron kada mutunci ya zube, akwai kuma abin da muke kira sirrin kasuwa. Ban ce ka baje wa kowa adadin jarinka ko sunayen masu bin ka bashi ba. Amma duk gurbin da ka bari babu bayani, jita-jita ce ke cike shi. Nan da nan za ka ji an ce ai oga fili ya saya a Millennium City da kuɗinmu, ko aure zai ƙara. Daga ranar da yaro ya yarda da wannan, ya fara neman wa kansa mafita: ya ɗora nasa a kan farashi, ya karkatar da kwastoma zuwa shagon wani don kamasho, ko ka wayi gari ya koma acaba ba sallama.

Akwai wani mai gidan burodi a Tudun Wada da na ga yadda ya yi lokacin da fulawa, sukari da man gas suka tashi masa a lokaci guda. Bayan La'asar ya tara yaran duka, daga masu kwaɓi har masu kai wa masu shayi, suka zauna a kan buhuna. Ya buɗe littafin lissafinsa, wani tsohon littafi mai baƙin bango da mai ya ɓata gefensa, ya nuna musu farashin buhu a bara da na yau. Ya ce kwaɓi zai ragu, kuma ba zai iya biyan albashin watan gaba ɗaya ba: rabi ƙarshen wata, ragowar ranar 10 ga wata mai kamawa. Ya ce shi ma ya jingine motarsa, babur yake hawa, wanda kuwa duk sun gani da idonsu. Aka yi tsit. Can sai wani ƙaramin cikinsu ya ce, "Alhaji, in ba za ka ji haushi ba, hanyar nan mai nisa da muke bi da asuba mai kawai take ci. Rabin masu shayin bashi suke karɓa." Alhajin bai taɓa sanin haka ba, don ba a taɓa ba yaron fuskar faɗa ba. Ranar 10 kuma ya biya. Wannan shi ne ƙashin bayan maganar, don da ya saɓa, da taro na gaba ba wanda zai saurare shi.

Sai dai akwai wani nau'in maigidan da ya fi mai shiru gajiyar da mutane. Shi ne wanda zai buɗe shago da tsinuwa: ƙasa ta mutu, gwamnati ta kashe mu, kasuwa ta ƙare. Kullum. Gaskiya yake faɗi ta wani ɓangaren, amma wanda ke ƙarƙashinka ba ya jin maganarka a matsayin hira, yana jin ta a matsayin sanarwa. In ka ce an gama, shi ya fara tattara komatsansa ke nan. Ga kuma 'yan zamani, masu turo kalaman ƙarfafa gwiwa a zauren WhatsApp na ma'aikata da sassafe, alhali albashin wata biyu na maƙale. Waɗannan kam gara su yi shiru.

Ni a wurina misalin da ya fi dacewa yana cikin Suratu Yusuf. Da aka kawo wa Annabi Yusuf (AS) mafarkin sarki, bai sassauta ba: ya ce shekaru bakwai masu tsanani na tafe. Amma bai tsaya nan ba, ya ce ga abin yi, ku yi noma, abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za ku ci. Sannan ya ce bayan haka shekarar ruwa za ta zo. Kyakkyawan zato ke nan na mai hankali. Mu kuwa sai mu tsallake na farko da na biyu, mu riƙe "Allah zai kawo sauƙi" kaɗai, mu kira shi tawakkali.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta bi baya a 2007. Fasa-ƙwaurin atamfa, rashin wuta da tsadar baƙin mai su suka kayar da masaƙun, ba mai musu. Amma abin da ya fi tsaya wa iyalan tsofaffin ma'aikatan KTL a rai shi ne shekarun da suka kwashe suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. To kai mai yara biyar ko goma, in ta kama dole ka rage mutum, ka faɗa masa da wuri, ido da ido, ka haɗa masa haƙƙinsa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ba hukumar da za ta zo ta ƙwanƙwasa maka ƙofa a kanta. Hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe kuwa bai ware ƙaramin shago ba.

Haka ma kwastoma. In ka ƙara kuɗi, ka ce ka ƙara kuma ga dalili. Kada ka rage awo a ɓoye ka bar yaro da shan zagi a bakin kanta.

Wani zai ce, to in na buɗe littafi yaro ya kwashe ya kai wa maƙwabcin shago fa? Yana iya faruwa, ban musa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maƙwabcin naka ma wurin dila ɗaya kuke sari, janaretansa ma mai yake sha, kuma jiya da yamma shi ma yaransa biyu suna zaune a kan benci suna danna waya.