Kuɗin yaƙi ba ya yankewa, na talaka ake yi wa lissafi

Ranar 14 ga Satumban 2001, kwana uku bayan harin da aka kai New York da Washington, majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin da ya ba shugaban ƙasa ikon far wa duk wanda ya ga yana da hannu a harin. Mutum 420 suka amince. Mace ɗaya tilo, Barbara Lee daga jihar Kalifoniya, ta ƙi. Hujjarta ita ce ƙudurin ba shi da linzami: ba a faɗi ƙasar da za a yaƙa ba, ba a sa ranar gamawa ba. Ta sha zagi, aka kira ta maciyar amanar ƙasa, barazanar kisa ta yi yawa har aka haɗa ta da 'yan sanda masu gadi. Da wannan 'yar takarda shugabannin da suka biyo baya, daga jam'iyyun Dimokurat da Rifabilikan, suka riƙa kafa hujjar kai hare-hare a Yaman da Somaliya da Siriya, ƙasashen da ko sunansu ba a ambata ba a ranar.

Na fara da ita ne domin labarinta ya tattara ƙorafin masu ra'ayin kawo sauyi a Amurka. Mutane kan ɗauka sukansu kashi uku ne daban-daban, na yaƙi, na siyasa da na tattalin arziki. Ni a ganina tambaya ɗaya ce suke ta juyawa: me ya sa ba a tambayar "daga ina kuɗin zai fito?" sai idan talaka ne zai amfana?

A duba yaƙin Iraƙi. A Oktoban 2002 majalisar dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 77, masu adawa 23, kuma cikin masu cewa a tafi akwai Joe Biden da Hillary Clinton da John Kerry, dukansu 'yan Dimokurat. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 Colin Powell ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗaga 'yar kwalba, yana tabbatar wa duniya cewa Saddam na da makaman ƙare-dangi. Kwana goma bayan haka miliyoyin mutane suka cika titunan Landan da Rum da Madrid suna cewa kada a yi. Aka yi kunnen uwar shegu da su, aka shiga a watan Maris. Makaman kuwa ba a same su ba.

To nawa aka ce yaƙin zai ci? Sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya yi maganar ƙasa da dala biliyan 50. Mataimakinsa Paul Wolfowitz ya gaya wa majalisa cewa man Iraƙi zai ɗauki nauyin sake gina ta. Mai ba shugaba Bush shawara kan tattalin arziki, Lawrence Lindsey, da ya kuskura ya ce abin zai iya kai biliyan 200, bai ƙara daɗewa a kujerarsa ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Brown suka haɗa lissafin dukan yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 2001, har da kuɗin ruwan bashi da jinyar tsofaffin sojoji, suka samu kusan dala tiriliyan 8, da mutum kusan dubu 900 da aka kashe kai tsaye. A wannan shekarar ce 'yan Taliban suka koma Kabul ranar 15 ga Agusta, wato aka dawo inda aka taso bayan shekara ashirin. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba a ƙara wa kowa haraji don biyan wannan aiki ba. Rage haraji ma gwamnatin Bush ta yi a 2001 da 2003, rangwamen da masu hannu da shuni suka fi kowa morewa. Da bashi aka yi yaƙin.

Yanzu a ajiye wannan a gefe a ɗauko wani. A 2021 gwamnatin Biden ta faɗaɗa tallafin yara, iyaye suka riƙa karɓar har dala 300 a wata kan kowane ƙaramin yaro. Talauci a tsakanin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da hukumar ƙidayar ƙasar ta taɓa rubutawa. Da aka zo sabunta shirin sai lissafi ya tashi. Aka ce tsada, aka ce giɓin kasafi, aka ce iyaye za su daina neman aiki. Duk 'yan Rifabilikan suka ƙi, Sanata Joe Manchin na Dimokurat ya mara musu baya, shirin ya mutu. A 2022 adadin ya koma kashi 12.4. Abin da shirin ke ci a shekara bai wuce kusan dala biliyan 100 ba, alhali cibiyar SIPRI da ke Sweden ta ƙiyasta kuɗin sojan Amurka na 2024 a kan biliyan 997. Kashi ɗaya cikin goma ke nan.

Da a ce ma'aikatar tsaron na iya faɗin inda kowane sisi ya shiga, da da sauƙi. Tun 2018 da aka fara binciken asusun Pentagon, wato ma'aikatar tsaron, gaba ɗaya, shekara bayan shekara take faɗuwa. Uwa mai karɓar tallafin abinci sai ta cike takardu ta nuna albashinta, wanda ke riƙe da kusan tiriliyan guda kuwa ya kasa kawo lissafi, a ƙara masa a kasafin baɗi. Haka aka yi da bankuna a Oktoban 2008: cikin 'yan makonni majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto su, miliyoyin iyalai kuma aka karɓe gidajensu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.

Wani zai ce ai mugunta ce kawai. Ban yarda ba, tsari ne, kuma wanda ya yi fice wajen bayyana shi ba ɗan gurguzu ba ne. Dwight Eisenhower janar ne da ya jagoranci sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan Rifabilikan, kuma a jawabinsa na bankwana a Janairun 1961 ya gargaɗi Amurkawa da su yi hattara da ƙawancen soja da masu ƙera makamai. Ga yadda abin ke aiki a yau. Jirgin yaƙi samfurin F-35 na kamfanin Lockheed Martin an rarraba ƙera sassansa a kusan kowace jiha, saboda haka duk ɗan majalisar da ya nemi a rage shi, da ma'aikatan mazaɓarsa zai fara faɗa. Dick Cheney ya bar shugabancin Halliburton ya zama mataimakin shugaban ƙasa, reshen kamfanin kuma ya kwashi manyan kwangiloli a Iraƙi. Lloyd Austin daga hukumar daraktocin kamfanin ƙera makamai na Raytheon ya zama sakataren tsaro a 2021. Sannan hukuncin kotun ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United ya buɗe wa kamfanoni ƙofar zuba kuɗi ba iyaka a yaƙin neman zaɓe. Yaron da ke kwana da yunwa ba shi da mai kamun ƙafa a majalisa. Mai ƙera makami mai linzami yana da ofis guda na wannan aikin.

Masu kare kasafin tsaro suna da abin faɗa, kuma ba zan yi musu ƙwange ba. Rasha ta mamaye Yukiren a Fabrairun 2022, Sin na ƙara ƙarfi, ƙasa ba ta zama ba soja. Gaskiya ne kuma cewa fansho da lafiyar tsofaffi sun fi tsaro cin kasafin Amurka. Sai dai ba a ce a rusa soja ba. Cewa aka yi a auna kowa da mudu ɗaya, kuma a wannan ba su da amsa.

Inda nake da ja da masu kawo sauyin shi ne muryarsu takan dushe idan nasu ne a kan mulki. Titunan da suka cika lokacin Bush sun yi tsit lokacin Barack Obama, alhali a zamaninsa hare-haren jirage marasa matuƙa suka ninku a Pakistan da Yaman. A 2011 ya shiga yaƙin Libiya ba tare da amincewar majalisa ba, ƙasar ta wargaje, makaman rumbunan Gaddafi suka bazu a yankin Sahel, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012. Shi da kansa Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi ne kuskurensa mafi girma. Tsiraru ne a cikin masu kawo sauyin suka ɗaga murya a lokacin da ɗagawar ke da amfani. Laifi tudu ne.

Kuma suna da abin koyi a gida. Martin Luther King ya ci moriyar Lyndon Johnson fiye da kowane shugaba, don Johnson ne ya sa hannu a dokar 'yancin baƙar fata ta 1964 da ta zaɓe ta 1965. Duk da haka ranar 4 ga Afrilun 1967 ya hau mumbarin cocin Riverside a New York ya la'anci yaƙin Biyetnam, yana cewa yaƙin na zuƙe dukiyar da aka yi alkawarin yaƙar talauci da ita. Manyan jaridu suka yi masa ca, wasu abokan gwagwarmayarsa suka ja baya, ƙofar fadar White House ta rufe masa. Shekara ɗaya cif bayan jawabin aka harbe shi a Memphis, inda ya je mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu.

Ita kuwa Barbara Lee ta yi shekaru tana gabatar da ƙudurin soke dokar nan ta 2001, a zamanin Obama da Trump da Biden, ba ta ware ɗan jam'iyyarta ba. Ta bar majalisa a Janairun 2025, ta bar dokar tana aiki.