Gardamar Cisco a fadarmu ta Yantala

Daren jiya, shayi na biyu bai ko sauka ba gardama ta kaure a fada. Ƙanena da ya gama karatun CCNA, takardar ƙwarewa kan haɗa rezo ta Cisco, ne ya tayar da ita. Ya tara ɗan abin da ya tara, wai zai sayi hannun jarin Cisco, kamfanin Amurka mai ƙera kayan rezo (na'urorin haɗa kwamfutoci), ta waya. Hujjarsa guda ce: "Yaya, duk bankin da ka shiga a unguwar Plato, ka buɗe kabad ɗin rezo, kayan Cisco za ka gani." Bai yi ƙarya ba, aikina ke nan, da hannuna na ɗaura wasu. Amma da zan ba shi shawara, ba zan ce ya zuba kuɗinsa don wannan dalili ba.

A watan Maris na 2000 babu kamfanin da ya kai Cisco daraja a duniya, ya haura dalar Amurka miliyar 500 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwar Wadata ba). Hannun jari guda ya kai kusan dala 80. Kafin 2002 ta ƙare ya zubar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na darajarsa, aka kuma shafe sama da shekara 20 bai koma wancan farashi ba. Duk tsawon lokacin nan kamfanin bai mutu ba, yana sayar da kaya, yana cin riba kusan kowace shekara. Wanda ya saya a 2000 bai yi kuskure kan ingancin kaya ba, tsada ya saya.

Masu son Cisco suna da abin faɗa. Tun 2011 yake raba wa masu hannun jari riba. Ya kuma rage dogaro da sayar da ƙarfe kawai: a 2024 ya kammala sayen Splunk, kamfanin manhajar tsaro da tantance bayanai, kan dala miliyar 28, don kuɗi su riƙa shigowa duk shekara ta hanyar biyan kuɗin amfani. Mai neman abin da zai ajiye ya yi barci, wannan ya ishe shi.

Inda nake tsayawa shi ne kason kasuwa. Cinikin kamfanin ya kai dala miliyar 57 a shekarar lissafinsa ta 2023, ya sauko ƙasa da 54 a ta 2024, a daidai lokacin da manyan kamfanoni ke gina rumbunan kwamfutoci na ƙirƙirarriyar basira kamar ba gobe. Wa ya kwashi kaso mai tsoka na wannan ciniki? Arista, kishiyar Cisco a kayan rezo, wanda Jayshree Ullal ke jagoranta tun 2008, ita ma tsohuwar ma'aikaciyar Cisco ce. Microsoft da Meta ne manyan masu sayen kayan Arista. Kamfanin Nvidia ma ya shigo da ƙarfinsa tun da ya sayi Mellanox, mai ƙera kayan rezo, a 2020. Ga kamfanin HPE ya haɗiye Juniper, wata kishiyar Cisco, a 2025 kan dala miliyar 14. Kowa na son rumfar nan.

Na ba yaron misali da albasar Galmi, don mahaifiyarmu ƴar can ce. A ce dillali yana loda buhu ɗari duk mako zuwa Abijan, shekara goma bai ragu ba. Kowa a tasha ya san sunansa. Amma in motocin da ke tashi sun ninka uku, shi yana nan a buhu ɗari, to an ci kasuwarsa ko da bai ji a aljihu ba tukuna. Masu zuba jari a Cisco abin da suke ƙirgawa ke nan duk wata uku idan rahoto ya fito: oda nawa ta shigo, daga wa, kuma riba nawa ta rage a kan kowane kaya. Shi ya sa za ka ga an sanar da riba mai kyau, washegari farashi ya faɗi, mutum ya rasa gane kansa.

Ko a nan Yamai, ka bar Plato ka shiga unguwanni. Masu sayar da tikitin wifi a Talladje da Bukoki, mafi yawan waɗanda na yi wa aiki MikroTik suke sawa, kayan ƙasar Latbiya, don kuɗinsa bai kama ƙafar na Cisco ba. Kamfanonin waya a Afirka kuwa, Huawei na ƙasar Sin ya daɗe da shige wa Cisco gaba a wurinsu. Wannan ba zai girgiza lissafin Cisco ba, kasuwarmu ƙarama ce a idonsu, amma ya nuna abin da ƙanena yake gani a kabad ɗin banki ɓangare ɗaya ne kawai.

Ya tambaye ni, to kada ya saya ke nan? Na ce ya fara sauko da rahoton wata ukun da ya wuce, ya nuna min inda cinikin kayan rezo ya tsaya idan aka cire Splunk. Ya ce zai kawo ranar Asabar. Shayin ranar a kansa yake.