Wariyar takardar ɗan asali ma wariya ce

A shekarar 1882 Amurka ta kafa dokar wariya da ta hana leburori 'yan Sin shiga ƙasar. To, mu dubi gida. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila ko garin asali, amma sashe na 147 ya ce a ɗauko minista ɗan asalin kowace jiha, bai kuma fayyace waye ɗan asalin ba. Nan gizo ke saƙa. Yaro haifaffen Gombe, kakansa daga Borno ya zo: mai unguwa ya ƙi sa hannu, ƙaramar hukuma ta hana shi takardar shaida. Tallafin karatu da gurbin aikin gwamnatin jiha sun wuce shi ke nan. Haraji kuwa ba a tambayar asali.